Yadda Ake Tsayar da Kwazazzabo Tun Bai Cinye Gona ko Gida Ba

Da zarar damina ta ja baya sai tambayar yadda za a tsayar da kwazazzabo ta dawo, kowa da irin bakin da yake yin ta. Wani ya ce ramin da ruwa ya yanka a gefen gonarsa, bara yaro ma yana tsallake shi, bana ko sa ba ya haurawa. Wani ya ce saura taku goma ramin ya taɓa katangar gidansa. Wata ta ce sau uku suna jibga buhunan yashi, sau uku suna bin ruwa. To, maimakon in riƙa amsa wa kowa shi kaɗai, ga aikin nan daki-daki.

Abu biyu nake so ka riƙe kafin ka ɗauki diga. Na farko, kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwa yana faɗowa a kansa, wato inda ramin ya soma ta wajen tudu, ya ƙwaƙule gindin wurin, ƙasar da ta rage a rataye ta rufta, kan ya ƙara matsawa sama. Haka yake hawa har ya iske ka. Na biyu, ba a tare ruwa, gudu ake rage masa. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ninkawa yake sau huɗu. Ka karya gudun, shi da kansa zai sauke ƙasar da ya ɗauko. Saboda haka daga sama ake fara wannan aiki a gangaro, kuma wanda ya tsallake mataki na 4, na rage ruwan tun daga sama, ya tafi kai-tsaye ga jera duwatsu, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Kada kuma ka raina ƙaramin rami. Kwazazzabon Providence da ke jihar Jojiya a Amurka, wanda zurfinsa ya kai mita 45 a wasu wurare, ruwan gonakin da aka nome ba bisa ƙa'ida ba a ƙarni na 19 ne ya haƙa shi.

1. Bi sawun ruwan

Aikin farko na ido ne. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an ɗauke ka fita tun ƙasa tana jiƙe, ka fara daga kan ramin ka yi ta hawa kana bin inda ruwan ya bi. Ciyawar da ta kwanta da yashin da ya taru za su nuna maka hanya. Galibi za ka tarar da ɗaya daga cikin waɗannan: indararon gidaje, kwalbati ko lambatun gefen titi, turbar da dabbobi suka daddaɓe, kunyoyin da aka ja suna kallon gangare, ko filin da aka sare aka ƙone ya zama tsirara. Duk inda wani ruwa ya shigo ka kafa turke.

Sannan ka duba gefen ramin. Akwai layin tarkace da ruwa yake bari, karan ciyawa da leda da kumfa busasshe, daidai inda ya kai a cikarsa. Ka auna tsayin wannan layi daga ƙasan ramin ka rubuta. Za ka buƙace shi a mataki na 6.

Yanzu ka yi ɗan lissafi domin ka san da wa kake kokawa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ce cif. Rufin gida mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, in aka yi ruwa na milimita 50, lita 5,000 zai zubo, wato duro 25 masu cin lita 200. Wannan ruwa a kan hekta 1 lita 500,000 ne. Ba duka ne yake gangarowa ba, ƙasa tana shan wani, amma rufi da titi da daɓe ba sa shan komai. Ka kuma yi wa lissafinka ƙari a kan ruwan da ka saba gani. Duk digiri 1 da ɗumi ya ƙaru, iska tana iya ɗaukar ƙarin laima kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa a wurare da dama ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu yake zubowa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a guda.

Hattara: kada ka shiga ramin ana ruwa, ko da a inda kake yayyafi ake yi, domin ba ka san abin da ya sauka a tudu ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota.

2. Auna, ka san ko aikinka ne

Kayan awo ba su da yawa: tef ko igiya mai ƙulli a kowace mita, turaku, sanduna biyu masu tsayin mita 2 da aka yi wa zane a kowace santimita, da tiyo siriri mai haske irin na magina, tsawon mita 12 zuwa 15.

Ka auna tsawon ramin, zurfinsa da faɗinsa a wurare uku ko huɗu. Sai gangaren cikinsa, wanda shi ne awon da mutane suka fi gudu alhali ba wuya. A cika tiyo da ruwa, a kori kumfa duka, a ɗaure bakinsa ɗaya a jikin kowace sanda. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa a tsaye a ƙasan ramin, ɗayan ya gangara mita 10. Kowa ya karanta inda ruwa ya tsaya a sandarsa. Bambancin da ke tsakani shi ne saukar ƙasar. In santimita 50 ne a mita 10, gangaren kashi 5 cikin 100 ne. In mita 1 ne, kashi 10. Da wannan tiyon ne manoman Yatenga a Burkina Faso suka riƙa fitar da layukan duwatsunsu tun shekarun 1980, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba.

Kafin ka bar wurin, ka kafa turaku biyu masu ƙwari a bayan kan ramin, ɗaya mita 5, ɗaya mita 10, ka rubuta ranar. Su ne za su gaya maka gaskiya nan gaba.

Ramin da zurfinsa bai kai mita 1 ba, kai da mutanen gidanka kun isa. Daga mita 1 zuwa 2, aikin gayya ne, kuma da kyau a samu wanda ya taɓa yi. Abin da ya haura mita 2, ko wanda ruwan titi ko na unguwa guda yake zuba a ciki, ko wanda ruwa yake tsattsafowa daga bangonsa har da rani, wannan na injiniya ne da hukuma. Ku ɗauki hotuna, ku haɗa da awon da kuka yi, ku kai a rubuce da sa hannun mutane da yawa. Duk da haka mataki na 4, na 7 da na 8 suna hannunku, kuma suna rage ɓarna kafin a zo.

Hattara: ka duba ƙasar da ke bayan baki. In ka ga tsaga tana bin tsawon ramin, duk abin da ke tsakanin tsagar da bakin ya riga ya tafi, lokaci kawai yake jira. In ɗaki yana cikin wannan tsakani, ko tazararsa da baki ba ta kai zurfin ramin sau biyu ba, a kwashe mutane tukuna, sauran magana daga baya. A garin Buriticupu na Brazil, irin waɗannan ramuka sun haɗiye gidaje har sai da hukumar garin ta ayyana dokar ta-ɓaci.

3. Mutane, lokaci da abin da aikin zai ci

Ruwa bai san iyakar gona ba. Wanda yake tudu shi ke sako shi, wanda yake kwari shi ke karɓa, kuma sau da yawa na tudun bai ma san yana ɓarna ba. Ku zauna da duk wanda ruwan ya ratsa filinsa kafin a taɓa komai. Ka je da awo da hoto, kada ka je da zargi. In na sama ya ƙi, ka gaya masa abin da na faɗa tun farko: ramin wajensa ya nufa.

Aikin haƙa da na dutse da rani ake yinsa, a gama aƙalla wata guda kafin ruwan fari. Shuka kuma sai ruwa ya zauna.

Kayan aiki: diga, shebur, fartanya, baro, babbar guduma, adda, waya, filaya, safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe. Abin da yake cin kuɗi kuwa dutse ne, ko in ce ɗaukarsa. Datsi guda, wato ƙaramar katangar duwatsu da ake gicciyawa a cikin ramin, a ramin da faɗinsa mita 2 ne, mai tsayin santimita 60, yana cin kimanin tari uku na dutse, kowane tari mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 tsayi. Wannan ya kai baro 45 zuwa 60, nauyin ton 4 zuwa 5. Ka ninka da yawan datsin da za ka yi, ka ƙara tari biyu ko uku na kan ramin, sannan ka kai wa mai tifa lissafin. In dutse yana kusa, jiki kawai za ku kashe. In yana nesa, kuɗin mota zai fi na dutsen kansa, kuma a nan ne ya kamata ka duba hanyar yin datsi da turaku da rassa da ke mataki na 6. Ka ware kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka tanada domin gyaran bayan ruwan farko. Gyaran nan ba ya fashi.

4. Rage ruwan tun daga sama

A unguwa, a fara da rufi. A sa mazurari a bakin kwano ruwan ya shiga tanki ko duro. Abin da ya yi saura a kai shi ramin tsotsewa da aka cika da tsakuwa, ko a baza shi a kan ciyawa. Duk inda indararo yake zuba a ƙasa a shimfiɗa duwatsu.

Hattara: ramin tsotsewa ya yi nesa da harsashin gini da aƙalla mita 5, kuma kada a haƙa shi kusa da bakin kwazazzabo. Ruwan da ya nutse a nan bangon yake jiƙawa ta ciki, ya ƙara masa nauyi ya rufta.

A gona, kunya ta gicciye gangare, kada ta bi shi. Bayan girbi a bar kara da ganye a kwance, domin ɗigon ruwan sama da ya faɗi kan ƙasa tsirara farfasa ta yake, ya toshe ƙofofinta, sauran ruwan ya rasa wurin shiga. Ƙasar da take tafiya ta wannan hanya ba a ganin tafiyarta, amma kaurin milimita 1 a hekta guda ya haura ton 10, kuma ita ce mai taki.

In gangaren gonar bai kai kashi 5 cikin 100 ba, a ja layukan duwatsu. Da tiyon nan za ka nemo wuraren da tsayinsu ɗaya: duk inda sandunan biyu suka nuna lamba ɗaya, a kafa turke, a ci gaba. A haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10 a bin turakun, a zaunar da manyan duwatsu a ciki, a cike ta gefen tudu da ƙanana, tsayin layin ya kai santimita 25 zuwa 30. Tazarar layi da layi mita 15 zuwa 30, gwargwadon gangare. Layin zai yi ta karkacewa kamar maciji. Ka bar shi haka. Wanda ya miƙar da shi domin ya yi kyan gani ya tara ruwa a wuri ɗaya, kuma nan zai ɓalle.

Akwai masu haƙa magudana a saman kan ramin domin karkatar da ruwan gaba ɗaya. Tana aiki, amma da sharaɗi: ta yi nesa da kan da zurfin ramin sau uku ko huɗu, saukarta kada ta wuce santimita 10 a kowace mita 10, kuma ta ƙare a wuri mai ƙwari, kan fa ko fili mai ciyawa sosai ko rafin da ya daɗe a zaune.

Hattara: in babu irin wannan mafita, kada ka karkatar. Za ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago, rami ɗaya ya zama biyu, na biyun kuma wataƙila a gonar maƙwabci.

5. Kwantar da kan ramin

Kan ramin a tsaye yake kamar bango, wani lokaci ma da rumfa. Abin da ake so a mayar da shi gangare, ruwa ya sulalo maimakon ya faɗo. A sare shi ta baya: duk mita 1 ta zurfi a ja baya aƙalla mita 1, in ƙasar yashi ce mita 2. Ƙasar da aka sare a daddaɓe ta sosai a ƙasa. Tsakiyar gangaren ta ɗan lotsa kamar kwami domin ruwan ya bi ta nan.

A gindin gangaren a haƙa rami mai zurfin santimita 30 a binne manyan duwatsu, su ne madogarar sauran. Sai a shimfiɗa tsakuwa kaurin santimita 10 a kan gangaren duka, sannan a jera manyan duwatsu a kanta daga ƙasa zuwa sama, kowane yana cije da ɗan'uwansa. Tsakuwar nan ita mutane suke tsallakewa domin ba a ganinta in an gama. In babu ita, ruwa zai riƙa zare ƙasa ta tsakanin duwatsun har su zauna a kan iska.

Hattara: daga sama ake sarewa. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin ƙasar da ke rataye, ko don neman inuwa. Tarin ƙasa na mita 1 ta kowane gefe ya kai ton ɗaya da rabi.

6. Gina datsi a cikin ramin

Datsi ƙaramar katanga ce ta duwatsu da ake gicciyawa a cikin ramin. Ruwa ya zo ya ci karo da ita, gudunsa ya mutu, ya ajiye yashi da laka a bayanta, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu ko ya haura ta tsakiya. A hankali cikin ramin ya koma hawa-hawa kamar matakala. Ƙanana da yawa sun fi babba guda nesa ba kusa ba. Tsayin kowane, daga ƙasan rami zuwa inda ruwa zai haura, ya tsaya tsakanin santimita 50 zuwa 80, kada ya kai mita 1.

Tazara: saman datsin da ke ƙasa ya yi daidai da gindin wanda ke samansa. Da tiyo za ka gane, ko da lissafi. Datsi mai santimita 60 a gangaren kashi 5 cikin 100, tazara mita 12 ce. A gangaren kashi 10, mita 6. Ke nan rami mai tsawon mita 60 a gangaren kashi 5 zai ci datsi biyar. Ka ɗan matsa gaba ko baya domin ka samu wuri matsattse, miƙaƙƙe, mai bango mai ƙwari. Kada ka gina a kwana. A sa alama duka tukuna, sannan a fara gini daga na sama, domin in damina ta riske ku ba ku gama ba, waɗanda aka yi ba za su karɓi ruwan da ba a karya ba.

Ga yadda ake ɗora shi. A haƙa harsashi mai zurfin santimita 30 zuwa 50 a gicciye, a ci gaba da haƙawa cikin bangon ramin hagu da dama, santimita 50 kowane gefe, in yashi ne a ƙara. Waɗannan su ne fikafikan datsin. Faɗin gindinsa ya kai tsayinsa sau ɗaya da rabi zuwa biyu, yana tsukewa zuwa sama. Manyan duwatsu a harsashi da fuskar da ke kallon gangare da kuma saman da ruwa zai bi. Ƙanana da tsakuwa a fuskar da ruwa yake zuwa. Jeri kamar na bulo, kada gaɓa ta hau kan gaɓa.

Tsakiyar datsin dole ta fi gefunansa ƙasa, aƙalla da santimita 20 zuwa 30. Nan ne ƙofar ruwa. Ka tuna layin tarkacen da ka auna a mataki na 1: in ruwan yana cika sosai, ka faɗaɗa ƙofar ka zurfafa ta, ko da hakan zai rage tsayin datsin. Gefunan su hau bangon ramin fiye da inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Daga nan sai shimfiɗa. A gaban datsin, inda ruwa zai faɗo, a binne faffaɗan duwatsu masu nauyi daidai da ƙasa, tsawon shimfiɗar ya kai tsayin datsin sau ɗaya da rabi zuwa biyu.

Hattara: datsi ta hanya uku yake mutuwa, kuma duk ukun daga ganganci ne. Ba fikafikai, ruwa ya zagaya ta gefe ya faɗaɗa ramin. Ba lotsawa a tsakiya, ruwa ya zaɓi gefe da kansa. Ba shimfiɗa, ruwa ya haƙe gaba datsin ya kifa a ciki. Duk wanda ya ce maka ya gwada duwatsu ba su yi ba, ka tambaye shi waɗannan ukun.

Wasu suna ganin katangar bulo da siminti ta fi nuna an yi aiki. Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Ba ta tsiyayar da ruwa, don haka nauyinsa duka a kanta yake, kuma kowace lita 1,000 ton guda ce. Ba ta kuma lanƙwasa. Ƙasa ta ɗan motsa sai ta tsage, daga tsagewa sai faɗuwa. Dutsen da aka jera ba siminti yana zama tare da ƙasar, in ya goce a mayar.

Inda babu dutse, a kafa turaku layi biyu a gicciye, tazarar layukan santimita 50, tazarar turke da turke ma haka, kowane ya nutse aƙalla santimita 50. A cusa rassa da ƙaya a tsakani a tattake, a ɗaure da waya. Na tsakiya su fi gajarta, a kuma shimfiɗa rassa a gaba a danne su da turaku. Gara za ta cinye shi cikin damina biyu ko uku, don haka aikinsa shi ne ya riƙe ƙasa kafin ciyawa ta kama. In akwai itacen da reshensa yake tsiro in an kafa shi ɗanye, da shi za a yi turakun.

Buhun yashi kuma na gaggawa ne. A cika kashi biyu cikin uku kawai, a naɗe baki a ƙasa, a jera kamar bulo a tattake, da harsashi da fikafikai da ƙofa kamar na dutse. Rana tana cinye buhun leda cikin 'yan watanni. In ana so ya daɗe, a gauraya awo 1 na siminti da awo 10 na ƙasa mai yashi, a yayyafa ruwa bayan an jera.

In ruwan yana da ƙarfin da yake mirgina duwatsu, sai akwatin ragar waya, wanda aka fi yi mita 2 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 tsayi. Wayar ta zama mai kauri wadda ba ta tsatsa, duwatsun su fi idon ragar girma, a jera su da hannu, a ɗinke akwati da akwati. Ragar kaji ba ta wannan aiki, araha ba ta ado.

7. Shuka, domin ita ce mai daɗewa

Duk abin da aka gina a sama na wucin gadi ne. Saiwa ce take riƙe ƙasa har abada, kuma ciyawa ta fi itace saurin kamawa.

Jema ita ce kan gaba. Saiwarta ƙasa take nufa a miƙe, tana kai mita 3 zuwa 4, kuma tushenta yana haɗewa ya zama shinge mai tace ƙasa. Irin kudancin Indiya, wanda Bankin Duniya ya yaɗa tun shekarun 1980, ba ya yin iri mai tsiro, don haka ba ya bazuwa cikin gona. Inda ba a samu ba, gamba ko duk wata ciyawa mai tushe da take shekara a yankinka za ta yi.

A tono tushe a rarraba, kowane kashi da ƙafa biyu ko uku. A datse ganyen ya rage santimita 20, saiwar santimita 10. A dasa a layi, tazara santimita 10 zuwa 15, a danne ƙasa da ƙafa. Layi mai mita 100 zai ci kashi 700 zuwa 1,000. Wuraren dasawa: layi biyu a zagaye da kan ramin ta sama, layi a bin kowane baki da tazarar mita 1, layuka a gicciye a jikin bangon da aka kwantar, da bayan kowane layin duwatsu na gona. In an yi kwana uku ba ruwa a makonnin farko, a ba ta. Duk inda ta mutu a cike gurbin nan take, domin giɓi a shinge ƙofa ce, ruwa duka nan zai taru.

Hattara: kada a dasa babban itace a bakin ramin. Nauyinsa da jijjigar iska suna ɓalle bakin, in ya faɗi kuma da ƙasa mai yawa yake tafiya. Itatuwa su ja baya da zurfin ramin sau biyu. Kada kuma a sa itace a tsakiyar hanyar ruwa, raba ruwan zai yi ya tura shi bango.

8. Kare wurin

Damina biyu, ba akuya, ba saniya, ba wuta. A yi shinge na ƙaya a buɗe wa dabbobi wata hanya, in ba haka ba za su buɗe da kansu. Wanda yake son ciyawar ya yanka ya kai musu, ya bar tsayin santimita 30 zuwa 40. A tuddan Loess na ƙasar Sin, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1994, hana sakin awaki da tumaki yana cikin abubuwan da suka sa tuddan suka sake yin kore.

Sai shara. Kusan ko'ina mutane suna zuba ta a kwazazzabo da sunan cikewa. Ba ta cike komai. Ba ta da nauyi, ba ta haɗewa, tana hana ciyawa fitowa, tana toshe ƙofar datsi, kuma tana ɓoye inda bango yake ƙwaƙulewa har sai ya rufta da mai zubarwa. Haka ma ɗibar yashi: duk tifar da aka cika a cikin ramin ko ƙasa da shi, ruwa daga sama zai biya ta. Wannan magana ta shugabannin unguwa ce, a yanke ta tun a zaman mataki na 3.

9. Duba bayan kowane babban ruwa

A daminar farko, duk ruwa mai ƙarfi ka zagaya washegari da shebur da baro guda na dutse. Ka duba gefunan kowane datsi ko ruwa ya fara zagayawa, ƙarshen shimfiɗa ko rami ya fara, da ƙofa ko reshe ya toshe ta. Ramin da ya kai girman ƙwarya yau, duwatsu biyar ne maganinsa. In ka bar shi sati biyu, datsin ne gaba ɗaya.

In bayan datsi ya cika da ƙasa har baki, kada ka kwashe, abin da ake nema ke nan. Ka dasa jema a kai, layi-layi a gicciye. Da rani mai zuwa kana iya ƙara wa datsin santimita 30, tare da faɗaɗa gindinsa da tsawaita shimfiɗarsa da ɗaga fikafikansa, ko ka gina sabo a kan ƙasar da ta taru tsakanin tsofaffin biyu, wanda ya fi aminci.

Ƙarshen damina ka koma wurin turakun nan biyu da tef. In tazarar da ke tsakaninsu da sabon kan ramin tana nan yadda ka bar ta bayan mataki na 5, kan ya tsaya. In ta ragu ko da taku ɗaya ne, akwai ruwan da ya kuɓuce maka a sama, sai ka jira ruwa na gaba ka sake bin sawunsa.